Waye Zai Ci Tserensa Na Farko A Formula 1? Ga Wanda Na Sa Wa Ido

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar Formula 1 za mu yi, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, kuma ina wannan maganar ne bayan an gama kakar 2025, kafin a fara ta 2026. Tambaya ɗaya ce tak nake so mu tsaya a kanta: a cikin direbobin da har zuwa ƙarshen 2025 ba su taɓa cin tsere ba ko sau ɗaya, waye zai fara ɗaga kofi?

Kakar 2025 ta ƙare, Lando Norris ya zama zakaran duniya da tazarar maki 2 kacal tsakaninsa da Max Verstappen na ƙungiyar Red Bull, kowa na ta wannan maganar, amma akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tsere 24 aka yi a shekarar nan kuma mutum huɗu ne kawai suka raba su tsakaninsu, Norris da Piastri da Verstappen da Russell, dukkansu dama sun saba ci. Babu sabon suna ko ɗaya. Zuwa ƙarshen 2025, rabon da a ga sabon mutum ya zo na ɗaya tun watan Yulin 2024 a Hangari, ranar da Oscar Piastri ya ci nasa na farko. Kun ga an ɗan jima kenan.

Toh kafin mu fara kiran sunaye bari in yi wa sababbin masu kallo bayanin dalilin da ya sa abin yake da wahala haka. A wannan tseren kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, ba mota iri ɗaya ake raba wa kowa ba. Kamar sukuwar doki ce, ko kai ne gwanin mahaya a garinku in aka ɗora ka a kan dokin da ba shi da ƙafa sai dai ka sha ƙurar na gaba. Shi ya sa za ka ga direba ya shekara goma yana tuƙi mai kyau wallahi, amma bai taɓa zuwa na ɗaya ba, don motarsa ba ta kai ba.

In ka duba waɗanda suka ci na farko a ƴan shekarun nan, ta ƙofa biyu suka shigo. Wasu mota mai ƙarfi ce ta zo hannunsu sai suka jira ranarsu. Carlos Sainz a Silverstone 2022 da Ferrari, sai a tserensa na 150 fa. George Russell a Brazil duk a shekarar da Mercedes. Norris a Miami 2024, tserensa na 110, bayan ya hau dandamali, wato ya gama cikin ukun farko, sau 15 ba tare da ya zo na ɗaya ba, kuma waɗanda suka kalli Sochi a 2021 ba za su manta ba, yana kan gaba saura ƴan zagaye kaɗan ruwa ya sauko, aka kira shi ya shigo a canza masa taya ya ƙi, motar ta dinga zamewa kamar a kan sabulu har nasarar ta kuɓuce masa.

Ɗaya ƙofar kuma ita ce ranar da komai ya rikice, kuma ita ce ta fi daɗin kallo gaskiya. Ku tuna Hangari 2021. An tashi ƙasa a jiƙe, a kwanar farko Bottas ya makara wajen taka birki ya bugi na gabansa, motoci suka yi ta cin karo, aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tsere. Da aka zo sake tashi hanya ta riga ta bushe, sai kowa ya karkata ya shiga canza taya, Hamilton shi kaɗai tilo ya je ya tsaya a layin tashi, mota ɗaya a filin da ake jera ashirin, ban taɓa ganin irin wannan hoton ba. Daga nan Esteban Ocon na Alpine ya tsinci kansa a gaba, Vettel na manne da shi har ƙarshe, can baya kuma abokin aikinsa Alonso ya tare Hamilton zagaye bayan zagaye ya hana shi wucewa da wuri. Haka Ocon ya ci. Pierre Gasly ma a Monza 2020 irin haka ne, Hamilton ya shiga wajen canza taya alhali an rufe, aka hukunta shi, Gasly ya riƙe Sainz har layin ƙarshe da tazarar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Sai Sergio Perez a Baharain a ƙarshen wannan shekarar, an buge shi a zagayen farko ya koma na ƙarshe, ya dawo ya ci, a tserensa na 190.

Yanzu mu zo kan waɗanda ke layi.

Zan fara da wanda zuciyata ke tare da shi, Nico Hülkenberg ɗan Jamus. Bawan Allahn nan ya shigo tun 2010, a shekararsa ta farko ya ɗauki gurbin farko, wato shi ne a gaban kowa a layin tashi, a Brazil da motar Williams, a 2012 ya jagoranci tsere a Brazil ɗin dai da Force India kafin su yi karo da Hamilton, a 2015 ya je ya ci tseren awa 24 na Le Mans da Porsche, wato babu mai shakkar hannunsa. Amma a Formula 1 ko na uku bai taɓa zuwa ba sai a watan Yulin 2025 a Silverstone, tserensa na 239. Daga na 19 ya tashi, ana ruwa ana ɗaukewa, duk lokacin da ya kamata a canza taya ya canza daidai, can wajen ƙarshe Hamilton na bayansa da jar Ferrari a gaban jama'arsa, mutumin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya tsallake layi ma'aikatan Sauber sai tsalle da rungume juna, wasu har da hawaye, ni kaina ranar na ji abin har cikin raina. Yanzu Sauber ta zama Audi daga 2026, kamfani ne mai kuɗi da tarihi a tsere, sai dai injin ɗinsu sabo ne fil, ba su taɓa ƙera na Formula 1 ba, kuma shi Nico an haife shi a 1987, shekaru sun fara ja. In zai ci to ta ƙofar rikici ce, ranar ruwa, ranar da manya suka bubbuge juna. Ina masa fata sosai amma ba zan iya cewa shi ne na gaba ba.

Alex Albon na Williams shi ma ya san ɗacin abin, sau biyu Hamilton na taɓa shi yana gab da samun babban sakamako da Red Bull, Brazil 2019 da Ostiriya 2020. Williams ta farfaɗo a 2025, Sainz ya hau dandamali da ita a Baku, kuma injin Mercedes suke amfani da shi, don haka kar a cire shi gaba ɗaya. Lance Stroll ya hau dandamali sau uku, ya taɓa ɗaukar gurbin farko a Turkiyya 2020 cikin ruwa, kuma Aston Martin yanzu tana da Adrian Newey da injin Honda, amma in motar ta yi kyau Alonso ne zai fara cin moriyarta, wannan kowa ya sani. Oliver Bearman yaro ne mai zuciya, an kira shi bagatatan a Jidda 2024 lokacin da aka yi wa Sainz tiyata ya zo na bakwai da Ferrari, a Meziko 2025 kuma ya zo na huɗu da Haas, sai dai Haas ba motar cin tsere ba ce, nasa lokacin sai ya koma babbar ƙungiya.

Saura mutum biyu, kuma a nan ne maganar take.

Isack Hadjar, ɗan Faransa mai asali da Aljeriya. Wanda ya kalli tseren farko na 2025 a Melbourne zai tuna shi, ko tashi ba a yi ba, a zagayen ɗumama taya motar ta zame masa ya bugi katanga, ya fito yana tafiya da hular kwano a kansa yana kuka, mahaifin Hamilton ne ya je ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri. Yaron da aka yi zaton ya karye kenan, amma a Zandvoort ƙasar Holan ya zo na uku da ƙaramar ƙungiyar Racing Bulls, daga nan aka ɗaga shi zuwa Red Bull kusa da Verstappen don kakar 2026. A takarda ka ce shikenan ya samu mota. Matsalar ita ce wannan kujerar ta cinye mutane da yawa, Gasly bai kai ƙarshen shekara a kanta ba, Albon ya sauka, Lawson tsere biyu kawai aka ba shi, Tsunoda ya sha wahala har aka sauke shi. Perez ne kaɗai ya ci tsere a kanta a ƴan shekarun nan kuma shi ma ƙarshensa bai yi daɗi ba. Ga shi Red Bull a 2026 da injin da suka ƙera da kansu za su fito tare da Ford, karo na farko kenan. Kuma ko motar ta yi kyau, kafin Hadjar ya ci sai ya wuce Verstappen a mota iri ɗaya, ku faɗa min mutum nawa ne suka iya wannan.

Shi ya sa ni wanda na sa wa ido shine Kimi Antonelli na Mercedes, ɗan Bologna a Italiya, haihuwar 2006, wanda aka ɗora a kujerar Hamilton yana da shekara 18. Ba zan ɓoye muku ba, tsakiyar kakarsa ta farko ba ta yi kyau ba sam. A Ostiriya ya bugi Verstappen a zagayen farko duk suka fita, a Zandvoort ya bugi Leclerc, an yi makonni yana fama har mutane suka fara cewa an yi gaggawar kawo shi. Amma ku duba farkon shekarar da ƙarshenta. A Japan ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa jagorantar tsere, a Miami ya ɗauki gurbin farko na gajeren tsere, a Kanada ya zo na uku ranar da Russell ya ci. Abin da ya fi gamsar da ni kuwa Brazil ne a watan Nuwamba. Verstappen ya taso daga can wajen gareji ya wuce kusan kowa, yana kan sabuwar taya mai laushi, ya zo ya manne a bayan yaron nan a zagayen ƙarshe ƙarshe, duk wanda ya san Verstappen ya san in ya cika maka madubi yawanci an gama. Antonelli bai firgita ba, bai kulle taya ba, ya dinga fita daga kwanar ƙarshe da kyau yadda ba za a kama shi a miƙaƙƙiyar hanya ba, ya riƙe na biyunsa har tuta. Wanda ya iya wannan zai iya riƙe na ɗaya.

Sannan ga maganar dokoki. A 2026 ana canza kusan komai, injin zai koma kusan rabi fetur rabi lantarki, fukafukan mota za su dinga buɗewa da rufewa gaba da baya, motocin sun ɗan rage girma da nauyi, ga Cadillac ta shigo motoci sun zama 22. Duk lokacin da aka yi irin wannan babban canji sai layi ya hargitse. A 2009 Brawn ta fito daga inda ba a zata ba, Button ya ci 6 cikin tsere 7 na farko. A 2014 da aka kawo injin mai haɗe da lantarki Mercedes ta ci 16 cikin 19, sauran ukun kuma Daniel Ricciardo ne ya kwashe, na farkonsa a Kanada ranar da motocin Mercedes biyu suka samu matsala. Ba wanda zai rantse cewa tarihi zai maimaita kansa, amma in ana maganar sabon injin, mutanen da suka fi kowa iya wancan canjin su ne nake ganin za a fi jin tsoro, kuma ko a 2025 da motarsu ba ita ce kan gaba ba sun ci Kanada da Singafo sun gama na biyu a teburin ƙungiyoyi.

Abin da ke gabansa dai Russell ne, kuma Russell ba kanwar lasa ba ne, a 2025 ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma ba sai ka fi abokin aikinka duk shekara ba kafin ka ci tsere ɗaya, rana ɗaya kake buƙata. Verstappen kansa a Sifen 2016 ya ci ne ranar da Hamilton da Rosberg suka fitar da juna a zagayen farko, yana ɗan shekara 18, tarihin da Antonelli ba zai iya karyawa ba yanzu tunda ya riga ya wuce shekarun. In Mercedes ta fito da motar da ke cin tsere bakwai ko takwas a shekara, ba zai yiwu a ce duka Russell ne zai kwashe ba, wata rana taya za ta ba shi matsala, wata rana motar tsaro, wadda ke fitowa ta rage wa kowa gudu in an yi haɗari, za ta fito a lokacin da bai dace da shi ba, wata rana kuma yaron ne kawai zai fi shi gudu tun ranar Asabar da ake neman gurbin tashi.

Don haka in an koma Melbourne a watan Maris na 2026, ni ranar Asabar zan fi zuba ido, wajen neman gurbin tashi, in ga tazarar da ke tsakanin motocin Mercedes biyun nan. In ta ragu zuwa ƙiftawar ido, to ina ganin ba za a kai hutun tsakiyar shekara ba sai an buga taken Italiya saboda Antonelli, abin da zuwa ƙarshen 2025 rabon direba ɗan Italiya ya jawo tun Fisichella a Maleshiya 2006. Ku kuma ku faɗa min naku, musamman masu ganin Hadjar zai riga shi, ina so in ji hujjarku. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.