Ku duba saiwa kafin ku duba fure

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓa: zaɓen shukar fure da ta dace da yanayin inda mutum yake, yadda ake sayenta, da yadda ake dasa ta.

Na farko, yanayi. Bogenbiliya, mai ƙaya da fure kamar takarda, daga Kudancin Amurka ta fito, rana take so, awa 6 ko fiye a wuni, kuma tana jure fari. Haidiranjiya kuwa, mai dunƙulen fure, inuwa take so da danshi. Ka kai ta inda zafi ke kaiwa digiri 40, kafin azahar ta yi yaushi. Saboda haka ku zagaya inda kuke a lokacin da ya fi tsanani a shekara, zafi ne ko sanyi, ku ga wace shuka ce ke tsaye ba mai kula da ita. Ita ce taku.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Kowa in ya je wurin mai sayarwa, fure yake kallo. Fure, fure, fure! Jama'a, fure kwana nawa yake yi? Saiwa za ku duba. Ka ɗaga ledar ko tukunyar, ka leƙa ƙasanta. In mai sayarwa ya yarda, ka zare shukar a hankali. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da ƙwari a hannu. In baƙa ce, tana narkewa tsakanin yatsu, tana wari, ruwa ya ruɓar da ita. In kuma ta nannaɗe tana zagaya tukunyar kamar gammo, shukar ta daɗe a matse, kuma ko an dasa ta haka za ta ci gaba da zagaye, ba za ta bazu ba. Alhaji yana dariya, da alama akwai irinta a gida! Irin wannan sai an warware ta da yatsa, ko a tsaga gefen da wuƙa wuri uku ko huɗu. Amma ban da bogenbiliya, saiwarta ba ta son taɓi, a yanke ledar kawai a sa ta yadda take. Kuma ni na fi son ƙaramar shuka mai toho da babba mai cike da fure, don ƙaramar ta fi saurin kamawa. Ku juya ganye ma ku duba bayansa, nan ƙwari ke ɓuya. Na ce saiwa, ko? Saiwa dai.

Na huɗu... na uku ne? To, dashe. Faɗin rami ya ninka na dunƙulen saiwa biyu, zurfi kuwa daidai da shi, kada a binne wuyan shuka. A dasa da yamma, a ba ta ruwa ya ratsa sosai, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye ba tare da ta taɓa gindin ba. Taki mai yawan sinadarin naitirojin ganye yake kawowa, fure ya ƙi.

Na'am, Hajiya? Ga na baya da ba su ji ba, tana tambaya ko akwai wadda bai kamata a dasa inda yara suke ba. Akwai ƙwarai. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, tana jure zafi da fari, shi ya sa ake sonta, amma daga ganye har fure har itacenta guba ne mai taɓa zuciya, ga mutum da dabba. Ko hayaƙinta kada a shaƙa, don haka ba a ƙona reshenta. Shukar kariya ma ruwanta guba ne, haka 'ya'yan lantana, mai ƙananan furanni launi-launi, musamman ɗanyu. In kina da masu rarrafe, Hajiya, ki dasa hibiskus, dangin yakuwa, ki bar waɗannan sai sun yi wayo.