Gishirin teku da na leda: wanne ya fi wa mai hawan jini?

Assalamu alaikum jama'a. Kwanakin nan in ka shiga manyan shaguna a Sakkwato, ko ka leƙa Facebook, sai ka ga ana tallan gishirin teku cikin kwalba mai ƙyalli, wani ma ruwan hoda wai na tsaunin Himalaya, kuɗinsa ya ninka na leda sau da yawa. Masu talla suna cewa ba ya tayar da hawan jini. To Hajiya, kafin ki zuge jaka, tsaya mu auna.

Abin da ke tayar da jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam. Gishirin leda, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa sodiyam ne. Na teku fa? Kashi 40 ɗin ne dai, ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan. Na Himalaya, wanda ake haƙowa a Khewra ta ƙasar Pakistan, shi ma haka, ɗan ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba shi launi. Kuma da yawan gishirin ledar da ke kasuwanninmu asalinsa ruwan teku ne da aka shanya a ƙasashe irin su Brazil da Namibiya, aka kawo ɗanyensa Najeriya aka wanke, aka niƙa. Jijiyar jini ba ruwanta da inda aka samo shi.

Mu ɗauka an cika cokula biyu da gishiri. Na dama gishirin leda ne mai laushi, ya zauna daram, babu gurbi. Na hagu na teku ne mai tsakuwa, za ku ga sarari tsakanin ƙwayoyin. Shi ya sa cokalin na teku yake zuwa da ƙarancin sodiyam: iska ce ta cinye wurin. Mai girki kuwa da harshe take awo. In ta ɗanɗana miyar kuka ta ji lami, ƙarawa za ta yi, lissafi ya koma inda yake.

Masu talla za su ce ai a na teku akwai sinadarai masu amfani ga jiki, wato maganiziyam da fotasiyam da kalsiyam. Gaskiya ne, akwai, amma ɗan mitsitsi. Kafin ka samu abin kirki daga nan, ka ci gishirin da zai kwantar da kai. Kwaɗon zogale da wake da nono sun fi shi nesa ba kusa ba.

Inda bambanci na gaske yake shi ne sinadarin aidin, kuma a nan na leda ne ke gaba. Tun 1993 dokar Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin da mutane ke ci. Dattawa za su tuna yadda a da ake yawan ganin masu maƙoƙo, wuya ya kumbura ya zazzago. Rashin aidin ne babban dalili. Maƙoƙon ma da sauƙi tunda ana ganinsa. Wanda ba a gani shi ne na mai juna biyu: in aidin ya yi mata ƙaranci, ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ba ta samun ginuwa yadda ya kamata, sai an sa yaro makaranta a ga yana fama. Babba na buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), mai ciki da mai shayarwa 250, a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Gishirin teku na kwalba kuwa sau da yawa ba a sa masa aidin, sai kin juya kwalbar kin karanta. Haka balma da manda da gishirin Foga, waɗanda kakanninmu suka sani tun zamanin ayarin raƙuma. Suna da ɗanɗanonsu, ba mai musu, amma ba a ƙara musu aidin.

Na ledar ma yana son kulawa, don zafi da laima suna korar aidin. Wanda aka juye a tire ya wuni a ranar Sakkwato ana auna shi da gwangwani, ba lallai ya kai gida da ƙarfinsa ba. A sayi wanda ke rufe, mai lambar NAFDAC, a juye a roba mai murfi, nesa da murhu.

Sai batun yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma duk abincin yini ake nufi, har tsire da kilishi da burodi. Ɗunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuɓewa ita ma dangin sodiyam ce. Uwargida in kin sa magi, rage gishirin, ki ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da masoro. A hankali za a rage, don kada maigida ya ture kwano. Cikin 'yan makonni harshe kan saba.