Idan Iyaye Za Su Zo Landan Yawon Buɗe Ido

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa. Maganarmu ta yau a kan mutumin da karatu ko aiki ya zaunar da shi a Landan ce, ya yi shekaru bai sa iyayensa a ido ba, yanzu Allah ya nufa za su zo su yi mako biyu ko uku ya zaga da su gari. Abin da ya fi ɓata irin wannan ziyara shi ne ɗoki. Ɗa zai jera wurare goma a takarda, ya manta Baba ya haura saba'in, Mama kuma gwiwa na damunta. Kafin kwana uku sai ka ji sun ce su dai a bar su a gida. To, da ƙafarsu za a auna tafiyar, ba da taka ba.

Shirin yana farawa tun ba su taso ba. Bizar baƙunta tana ba da zaman da bai wuce wata shida ba. Ka nemi kamfanin jirgi ya tanadar musu keken turawa, aƙalla awa 48 kafin tashi, domin tafiyar da ke tsakanin ƙofar jirgi da wurin duba fasfo a filin jirgin Heathrow doguwa ce. Wasu iyayen za su ƙi, su ce ai su ba guragu ba ne. A lallashe su. Magungunansu su zauna a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita, a kuma ƙara na mako guda saboda jinkirin komawa. Tsarabar nama ko kayan madara daga Afirka ko Asiya, doka ta hana shigo da ita, a gaya musu tun suna haɗa kaya.

Kada a raina inshorar lafiya. Duba mutum a sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an ba baƙo gado, asibitin gwamnati a Ingila zai caje shi kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya kuma 111.

Bari in daɗe a kan sufuri, don nan ne wahalar take. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ya fara aiki tun 1863, kuma cikin tashoshinsa 272, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ake shiga ba tare da hawa matakala ba. A taswira akwai alamar keken turawa a jikin irin waɗannan tashoshi, su za ka bi. Tashar Covent Garden tana da matakala 193, idan layin lifta ya yi tsawo kada ka ce da tsoho ku taka. Mafita ita ce layin Elizabeth da aka buɗe a 2022. Duk tashoshinsa ana isa bakin jirgi ba hawa, taragunsa masu faɗi ne da na'urar sanyaya ɗaki, kuma daga Heathrow yake tasowa.

Kowa ya riƙe katinsa, Oyster (katin biyan kuɗin sufuri na Landan) ko katin banki da ake ɗorawa. Mutum biyu ba sa shiga da kati ɗaya. A jirgi ana ɗora kati a shiga, a sake ɗorawa a fita, kuma da wanda aka shiga da shi za a fita. Idan Baba ya shiga da kati ya fita da waya, na'ura za ta ɗauka tafiya biyu ce da ba a kammala ba, ta ci shi kuɗi mafi yawa. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sau ɗaya ake ɗora kati, kuma duk bas ɗin da aka canza cikin awa guda ba a sake biya. Ni a ganina bas ta fi dacewa da tsofaffi: suna zaune suna kallon gari. Amma su zauna a ƙasa, matakalar bene tana da haɗari idan direba ya ja.

Sai tsarin yini. Babban wuri ɗaya da safe, abinci da salla, sannan unguwa ɗaya ko a koma gida. Duk bayan kwana biyu a huta ɗaya.

Me ya sa na ce unguwa? Ƙidayar 2021 ta nuna sama da kashi 40 cikin ɗari na mazauna Landan a wata ƙasa aka haife su, kuma a unguwanni ake ganin wannan, ba a ƙofar fadar Buckingham ba. Layin Elizabeth ɗin nan ya ratsa da dama daga cikinsu. Southall ta 'yan Punjab ce, har sunan tashar an rubuta da rubutunsu. Akwai babban wurin ibadar Sikh da ke karɓar baƙi, ana cire takalmi a rufe kai. Daga Paddington titin Edgware kusa ne, inda gidajen abincin Larabawa suke jere. A Whitechapel za a tarar da 'yan Bangladesh da Masallacin Gabashin Landan, ga abincin halal ko'ina. A Tottenham Court Road ake sauka zuwa gidan tarihi na British Museum, wanda shiga kyauta ne, kuma ana ba da aron keken turawa idan an nema tun da wuri. Kada ku ce za ku gama shi. Ku zaɓi ɗaki biyu ko uku, misali ɗaki na 25, inda tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897 suke. Peckham kuwa, matattarar 'yan Afirka ta Yamma, tana kudancin kogi, ta wani layin ake zuwa.

Ranar da ƙafa ta gaji, a hau jirgin ruwa a kogin Thames daga Westminster zuwa Greenwich. Ana wucewa ta ƙarƙashin gadar Tower, ana ganin rabin abin da mutane ke shan wuya su gani a ƙafa. Sai dai wurin da ake zuwa ganin layin Greenwich, wanda ya raba gabas da yamma a taswirar duniya, a kan tudu yake mai tsayi, ba kowane tsoho zai hau ba.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha'i ta yi nisa, asuba ta zo da wuri, barci ya rikice. A Disamba kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, azahar da la'asar suna dab da juna, ga sanyi. Mayu ko Satumba sun fi sauƙi.

Wani ya turo tambaya a kan inda za a samu banɗaki idan an fita. Gaskiya yawancin tashoshin ƙarƙashin ƙasa ba su da shi, kuma mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari zai takura. Gidajen tarihi da manyan kantuna da masallatai su ne madogara, a shiga kafin a bar wurin ko da ba a matsu ba. Sannan a rubuta adireshin gida da lambar wayarka a takarda a sa wa kowannensu a aljihu, kuma a yi yarjejeniya: idan ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cak a inda ya sauka, wanda aka bari ya biyo a jirgi na gaba.