Wadda Na Ɓoye Wa Tafiyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, ina gaishe ku da fatan kowa ya baro gida lafiya cikin wannan sanyi na Mancesta.

An ce in yi magana a kan baro gida. Da sakatare ya kira ni, na ce masa wane gidan? Ni haifaffiyar Zariya ce, amma in ana zancen kewa, Gombe zuciyata take tafiya.

Aikin maigidana ne ya kai mu can a 2011. Ban san kowa ba. Muka kama haya a Jekadafari, na samu aikin jinya a wani asibiti. Mako na farko wata tsohuwa ta ce min "jabbama", na tsaya ina kallonta kamar gunki, sai da wata nas ta raɗa min cewa maraba ake min da Fulatanci. Wannan nas ɗin Batangaliya ce daga Kaltungo, Kirista ce, ta girme ni da shekara shida, kuma tun daga ranar nake kiranta Yaya.

Wanda bai yi aikin dare a asibiti ba ba zai gane irin zumuncin da ake ƙullawa da ƙarfe uku na dare ba. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ita tana haska min da fitilar waya, ni ina laluben jijiyar yaro don in sa masa ruwa. In azumi ya zo, ita ke tsare min ɗakin marasa lafiya in je in sha ruwa, har kunun gyaɗa take zuwa min da shi a filas, mai tsami yadda nake so. Ranar Kirsimeti ni nake karɓar mata aiki ta tafi Kaltungo. Ba mu taɓa zama mun tsara hakan ba.

Ranar 16 ga Yuli 2015, jajiberin ƙaramar Sallah, bam ya tashi a babbar kasuwar Gombe, mutane suna tsaka da sayayya. Ba zan ba ku labarin abin da idona ya gani ba, akwai yara a ɗakin nan. Abin da zan faɗa shi ne, ranar hutun Yaya ce, ba wanda ya kira ta, sai ga ta da silifas ɗin wanka a ƙafarta. Muka kwana a tsaye. Da asuba ta kama kafaɗata ta ce, "Je ki yi wa yaranki shirin Idi, ni ina nan."

To jama'a, wannan matar na ɓoye wa tafiyata zuwa nan Ingila.

Kun san halinmu. Ana cewa kada ka faɗi tafiya sai ta tabbata, a ji tsoron baki, a ji tsoron ido. Na yi jarrabawar Turanci, na yi jarrabawar kwamfuta, na yi ta aika takardu, fiye da shekara guda, kullum muna cin abinci a kwano ɗaya, ban ce mata uffan ba. Sai da biza ta fito a 2022, saura kwana biyar, sannan na same ta a ɗakin canza kaya na faɗa mata. Ta daɗe tana ninke farin kayanta. Can ta ce, "Allah ya sa alheri. Ashe ni ma ina cikin waɗanda ake tsoron bakinsu?"

Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Duk da haka ta zo rakiya har filin jirgi na Lawanti, da ƙullin yaji da daddawa da kuka, ta cusa min a jaka da hannunta. Bayan na iso, wata bakwai ban kira ta ba. Nakan ce aiki ne, awa goma sha biyu a tsaye, ga bambancin lokaci. Wane bambanci? Da hunturu awa ɗaya ce tak, da bazara kuwa agogonmu ɗaya da Najeriya. Kunya ce kawai ta hana ni.

Na san a cikinku akwai wanda ya fito kamar yadda na fito, abokan aikinsa sai a Facebook suka ga hotonsa cikin rigar sanyi. Ban zo yi wa kowa faɗa ba, ni ce ta farko a laifin.

Ranar da na daure na kira, na shirya dogon ban haƙuri. Tana ɗauka ta ce, "Ke, yajin nan bai ƙare ba har yanzu?" Muka yi ta dariya, sannan muka yi kuka.

A watan Disamba za ta aurar da 'yarta ta fari a Kaltungo, na kuma riga na sayi tikiti. Jaka biyu aka ba ni, kowace kilo 23, ɗaya ta amarya ce. Ɗayar kuwa da sauran wuri, don haka duk mai saƙo zuwa Gombe, Kumo ko Billiri ya same ni bayan an tashi. Amma don Allah kada a kawo min takalma, sun cika nauyi.

Na gode. Wassalamu alaikum.