Sharhi: Gwaggon da ta rubuta wa 'yan matan Ingila wasiƙu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan wata baiwar Allah ne mai suna Hester Chapone, wadda ko a ƙasarta Ingila ba kowa ya san ta ba yanzu, alhali a zamaninta littafinta ya shiga gidaje da makarantun 'yan mata ba adadi.

An haife ta a 1727. Ta yi aure a 1760, ba a rufa shekara ba mijin ya rasu, kuma ba ta sake aure ba. Sai ta mayar da hankali kan 'yar ɗan'uwanta, yarinya 'yar shekara 15, tana rubuta mata wasiƙun nasiha. Wasiƙun nan guda 10 ne aka tara aka buga a 1773, aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru.

Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne yadda ta ɗauki yarinyar. A lokacin, galibin masu irin wannan rubutu maza ne. Wani likita, John Gregory, a littafinsa da ya fito a 1774, har cewa ya yi wa 'ya'yansa mata in suna da ilimi su ɓoye shi, musamman a gaban maza. Ita kuwa gwaggo Hester zama ta yi ta tsara wa 'yarta karatu daki-daki: littafin addininta tukuna, sannan tarihi, labarin ƙasa da waƙoƙi. Ta nuna mata yadda za ta riƙe shekarun manyan abubuwan tarihi don kada su cakuɗe mata. Ba ta bar zancen gida ba, ta yi maganar tattalin kuɗin cefane, zaɓen ƙawa, da danne fushi. A ganina mutunci ne babba a yi wa yarinya magana a matsayin mai hankalin kanta.

Ba yau ta fara ba. Tun tana budurwa ta yi muhawara ta wasiƙa da marubuci Samuel Richardson, ta tsaya kai da fata cewa biyayya ga iyaye wajibi ce, amma 'ya na da ikon ƙin mijin da ba ta so.

A 1792 Mary Wollstonecraft, marubuciya mai fafutukar 'yancin mata, ta caccaki masu yi wa mata nasiha, har da shi Gregory, amma da ta zo kan Chapone sai ta ambace ta da girmamawa. Hester ta rasu a 1801, tana da shekara 74.