Kuɗin Hayar Dare Ɗaya Ma Akwai Haraji A Kansa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wata uku ke nan da na ga maƙwabcina a unguwar Gwarimpa ta Abuja, malamin makaranta, yana loda katifu da tukwane a akori-kura zai koma Mararaba. Mai gida ya ce ya tashi za a yi gyara. Aka shafa fenti, aka maƙala na'urar sanyaya ɗaki, sai ga hoton gidan a Airbnb, shafin intanet na ba da hayar masauki na 'yan kwanaki. Yanzu baƙi ke shiga da jakunkuna ranar Juma'a su fita Lahadi, kowane dare da kuɗinsa.

Alhaji mai gidan, gidansa ne, ba mai hana shi. Abin da ya ɓata min rai shi ne amsar da ya ba ni bayan sallar Isha'i da na taɓo masa zancen haraji. Dariya ya yi ya ce, "Haba Malam, ai wannan ba albashi ba ne."

Alhaji, kuɗin shiga ne! Ko na shekara ka karɓa ko na dare ɗaya, kuɗin shiga ne, kuma doka ta ce ka bayyana shi. Malamin da ka tasa, tun kafin albashinsa ya faɗo asusu an yanke masa nasa. Shi ba a tambaye shi ko yana so ba.

Na san abin da za a ce: man janareto, mai gadi, mai shara, wanki da guga sun cinye riba. To, ka adana rasit, ka cire abin da ka kashe kan sana'ar, ka bayyana saura. Masu cewa gwamnati ba ta yi musu komai ba kuwa, titin da baƙinsu ke bi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba su suka shimfiɗa shi ba. Ko duk abin da ake tarawa na zuwa inda ya dace, ni ma ina da shakku, amma wanda ya ɓoye nasa da wane baki zai tambaya?

Dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ɗauke haraji a kan Naira 800,000 na farko a shekara. Bazawarar da ke ba da ɗaki ɗaya jefi-jefi a Kubwa ba ita nake wa magana ba. Da mai gidaje huɗu a Wuse da Jabi nake, wanda kuɗi ke shigo masa ta waya dare da rana.

Hukumar harajin birnin tarayya na karɓar bayanin kuɗin shigar kowa zuwa 31 ga Maris. Alhaji, ka rubuta na ɗakunan nan a ciki.