Laccar kubbar cocin Florence, kamar yadda aka ɗauka a rikoda

To jama'a, na baya kuna jina? Yauwa. Abu uku zan yi magana a kai game da babban cocin Florence a Italiya, Santa Maria del Fiore: ginin, kubbar, sai zanen ciki.

Ginin dai 1296 aka fara shi, Arnolfo di Cambio ne ya tsara, marmara fari da kore da ja-ja a jikin bango. Shikenan mu wuce, kubbar nake so mu je.

Wallahi kubbar nan! Mutanen nan sun tayar da bango sun bar rami a sama, faɗinsa wajen mita 45, kuma babu wanda ya san yadda za a rufe shi, domin katakon da za a kafa daga ƙasa ya tallafe rufin har ya bushe, ina za a samo shi? Sai a 1418 aka sa gasa, aikin ya faɗo hannun Filippo Brunelleschi, kuma fa asalinsa maƙerin zinariya ne, ku riƙe wannan. Ya ce zai gina ba tallafi daga ƙasa. Ya yi kubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, ta ciki mai kauri ta waje siririya, tsakaninsu matakala, yau in zaka hau sama taki 463 ne, Malam Alhaji na gaba naga ka dafe gwiwa tun yanzu. Sai jerin bulo: ana kwantar da wasu, can sai a tsayar da ɗaya, a kwantar a tsayar, kamar ƙashin bayan kifi, na tsayen shi ke riƙe na kwancen kada su zame kafin kwaɓin ya kama. Bulo sama da miliyan 4! Ba tallafi fa, na sake faɗa, ba tallafi. Har injin ɗaga kaya ya ƙera, shanu ke juya shi, a hau da kaya a sauko ba sai an juya shanun baya ba. Daga 1420 zuwa 1436 aka rufe.

Na huɗu, au na uku ko? Zanen tashin alƙiyama na cikin kubbar, mai zane Vasari ya fara a 1572, wani mai zanen, Zuccari, ya ƙarasa 1579.

Na'am, mai tambaya? Wai maginanmu sun san irin wannan? Sosai ma. Je Zariya ka ga tsohon masallacin Juma'a na Babban Gwani Muhammadu Durugu, bakan gizo ne, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, aka yi da azara, ana turo ta kaɗan-kaɗan daga kowane ɓangare ana ɗaurewa ana yaɓe ƙasa har su haɗu a sama a ɗora tulluwa, wato irin kubbarmu. Faɗin bai kai na Florence ba, tsawon azara ke da iyaka. Akwai magini a ɗakin nan? Taso Baba, zo ka nuna musu da hannu yadda ake ɗaurin.